Carbi da Ƙaramar Bindiga a Aljihu Ɗaya

Yayan matata bai taɓa kirana da sunana ba. Tun ranar da na je neman auren ƙanwarsa har yau, Alabaru yake ce mini, wato ɗan dako da bakin Yarabawa. Gaskiya ne da dako na fara a Kasuwar Bodija, lokacin da na sauko daga Arewa da tabarma da buta. Na ɗauki buhunan albasa har tsakiyar kaina ta daina fitar da gashi. Amma kafin in yi aure na riga na sami rumfata, ni ma ana yi mini dako. Shi dai bai ga wannan ba. Haifaffen Sabo ne, unguwar Hausawan garin, direban babbar mota, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa, kuma duk wanda aka haifa a ƙetaren kogin Kwara baƙauye ne a wurinsa. Ni ina ce masa Yaya a gaban mutane don dole. Abin da nake kiransa a zuciyata kuwa ba zai rubutu ba.

Matata tana suyar ƙosai da awara a tsakar gida. Tana da wani babban kasko baƙi da ta gada a wurin mahaifiyarsu, wanda ba ta yarda kowa ya wanke sai ita. Da shi ta zo gidana, kuma yayanta ya sha faɗa a gabana cewa kaskon nan ya fi ni asali a Sabo. Daga safe zuwa hantsi gidanmu ba ya rabuwa da mutane, mata da yara, masu saye da masu jiran a kwashe.

Yayan nata ne yake ɗauko mini albasa daga Arewa wani lokaci, ba don yana sona ba, sai don mota ba ta dawowa wayam. Wata rana da la'asar na je tarar kayana a tashar manyan motoci ta Ojoo, na hau gaban motar muna jiran masu sauke kaya. Ina ƙorafin ya yi jinkiri, albasa ta fara ɗumi a buhu. Ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Ku kuna zaune a inuwa kuna kora ƙuda, mu muna hanya da rai a hannu. Ka san abin da ke tsakanin nan da garinku kuwa?"

Sai ya ɗaga gefen rigarsa. A ƙugunsa akwai wani kube na fata, irin ɗinkin dukawa, ya zaro ƙaramar bindiga daga ciki. Libarba ce, tsohuwa, mai ciki kamar tulu inda harsasai ke zama. Ya zazzage su a tafin hannunsa, ya miƙo mini ita fanko.

"Oya, riƙe. Kada ka yar, ba buhu ba ne."

Na riƙe. Tana da nauyi fiye da yadda ido ya gani. Ya ce in ja kunamar, wato ɗan ƙarfen nan da yatsa ke ja bindiga ta tashi. Na ja, ta ƙi. Na ƙara ƙarfi, ta tafi a hankali kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi, sannan ta ce ƙas. Ya fashe da dariya, ya karɓe abarsa.

"Ka gani? Wannan ba kayan alabaru ba ne."

Dariyar nan na kai gida. Da na ba matata labari, ban ba ta don in tona masa asiri ba kawai, har da son in ji me za ta ce. Ta ajiye matsamin ƙosai ta juyo.

Ta ce, "Shi Yaya hanya ce ta sa shi, kuma ko shi ban yaba masa ba. Kai me ya kore ka? Daga nan zuwa Bodija 'yan fashi nawa ka taɓa gani?"

Na ce ai magana ce kawai.

"To bari in faɗa maka tawa, Maigida. Gidan nan 'ya'yan mutane ke shiga da fita. Ranar da ƙarfen nan ya shigo, ranar zan fita. Ba zan yi maka ihu ba, ba zan kai ka ƙara ba. Mayafina kawai zan ɗauka."

Na san ba ta wasa da magana. Na kuma san gidan da za ta nufa, da wanda zai tare ta a ƙofa yana murna. Duk da haka na nemi tawa bindigar.

Ba zan faɗi inda na samo ta ba, ba kuma zan ce tsoro ne ya sa ni ba. Da na so in fake, da akwai abin fakewa, don duk ɗan kasuwar Arewa a Kudu ya san yadda rigima kan tashi daga faɗan mutum biyu ta cinye layin rumfuna. Na sha faɗa wa kaina haka. Amma ƙarya ce. Na san doka ta hana, na san matata ta hana. Dariyar mutum ɗaya ce ta fi mini su duka nauyi.

Tawa ba irin tasa ba ce. Siririya ce, shafaffiya kamar sabulu, harsasanta a cikin mariƙi suke. In ka ja samanta baya ta ɗanu, daga nan kunamar ba ta son komai sai taɓawa. Na kai wa tela yaduka, na ce ya zurfafa mini aljihun dama, na ce don waya. In na sa ta na tsaya a gaban madubi, ko ni ban ga alama ba.

Da yayan matata ya sake saukowa Ojoo na hau motarsa tun kafin ya kashe inji. Na ciro ta na ɗora a kan kujera tsakaninmu. Na ga idonsa ya canza, kuma Allah ya yafe mini, na ji daɗin da ban ji ba ranar da na sami rumfa.

Ya ɗauke ta, ya cire harsasan, ya duba ya sake dubawa, ya juya ta. Ya ɗana, ya ɗora yatsa. Kafin ya gama ɗorawa ta ce ƙas.

Ya ce, "Kai! Wannan ai ko tari ka yi ta tashi."

Na ce, "Haka ake so. Taka kafin ka gama ja, hannunka ya karkace, ɗan fashi ya ci abinci ya wanke hannu."

"Tawa sai na yi niyya take tashi. Tsakanin fara ja da ƙarewa mutum yana da lokacin da zai tuna Allah, ya ga ko ɗan fashi ne ko makaniki. Taka ba ta tambaya."

"Taka kuma kowa ya gan ka ya san kana ɗauke da wani abu. Kana tafiya kamar mai ƙurji a kwankwaso."

"Gara a ce ina da ƙurji. Ina kubenta?"

Na ce ba ta buƙata, aljihu ya ishe ta.

Ya ce, "Shebi ka ga nawa? Fatar nan ta rufe kunamar ruf, ko makulli ko goro ba abin da zai taɓa ta. Je wurin baduku ya ɗinka maka. In kuma ba za ka yi ba, to kada ka yi yawo da ita a ɗane." Ya kamo hannuna na dama, ya juya tafin, ya danna kantar da igiyar buhu ta bar mini. "Dubi wannan. Hannun da bai san abu mai laushi ba. Wannan yatsan zai ji kunamar nan kuwa? Alabaru, mayar musu da kayansu, jare."

Yanzu da nake rubuta wannan na san duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na ma sani tun a lokacin. Da wani ne ya faɗa mini, ko mai gadin kasuwa, da washegari ina wurin baduku. Amma daga bakinsa ta fito, da Alabaru a ƙarshenta. Na fizge hannuna na ce bindigar da ba a ɗane take ba dutse ce, kuma ni ban sayi dutse ba. Tun daga ranar na riƙa yawo da ita a ɗane, ba kube, don kawai shi ya ce kada.

Muka mai da abin kamar sana'a. Duk haɗuwa, ko a bakin masallaci ko a wurin mai shayi na Mokola, sai mun taɓa juna da magana ba tare da mun ambaci sunan abin ba. Ya ce, "Ya mai saurin fushi, tana lafiya?" In ce, "Lafiya lau. Ya tsohuwa, ta iya tashi yau?" Mutane suna zaton maganar mata muke, suna dariya. Mu ba dariya muke ba.

Da farko a rumfa nake barinta, cikin wani buhu a can ƙurya. Ina ce wa kaina ai ba ta shiga gida ba, alkawari na nan. Daga baya na fara jin aljihuna wayam in babu ita. Wata rana na wuce da ita gida, ba abin da ya faru. Sai ta zama 'yar gida. Ina rataye rigar a bayan ƙofa, a ɗakin da yaran maƙwabta ke leƙowa neman canji.

Mai wanki ba a ɓoye mata aljihu. Wata safiya matata ta shigo da rigata a hannu, ta buɗe aljihun dama ta nuna mini wani tabon mai baƙi.

"Wannan fa?"

Na ce man inji ne, na motar Yaya.

"A cikin aljihu?"

Na ce wallahi. Kalmar ta fita da sauƙi har na ji tsoro. Ta dube ni ta daɗe, ta ninke rigar ta ajiye a kan gado, ba ta wanke ba.

Ta ce, "Ka rantse, na karɓa. Tsakaninka da wanda ka rantse da shi."

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai karatu ya sani game da aljihun nan. Tun ina yaro carbina a aljihun dama yake zama. Dogo ne, na lazimi, mai tuntu a kai da igiya mai ƙarfi. Hagu ba wurin carbi ba ne, haka aka koya mana. Da bindiga ta zo sai na mai da shi aljihun ƙirji, ina tunawa ina sawa. Amma abin da hannu ya yi shekara da shekaru ba ya neman izinin kai.

Matar yayan matata ta haihu, aka sa suna. Matata ta kwana biyu tana can tana taya aiki, ta bar kaskonta a kife. Da asubar ranar suna na tsaya a gaban rigata ina tunani. Gidan suna ne, tafiyar 'yan taku kaɗan, tsakanin malamai da dattawa. Ba abin da zan yi da bindiga a can. Amma na tuna zan zauna cikin danginsu, 'yan Sabo na asali, waɗanda ke juya harshe zuwa Yarabanci in suna son su yi da ni ina zaune. Na so in zauna a cikinsu ina sane da abin da ke jikina. Na sa rigar yadda take.

Na yi sallah a masallacin layinmu, na ja abin da ya samu na lazimi, na tashi da sauri don kada a raɗa suna ba ni. Ban tuna lokacin da na sa carbin a aljihu ba. Har yau na kasa tunawa.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, gari ya fara haske, rago na ɗaure a jikin turke. Na sami wuri a gefe na tanƙwashe ƙafa. Yayan matata kuma yana zagayawa da faranti, yana raba goro da dabino, ya sha sabuwar shadda. Da ya iso kaina ya tsaya, ya zaɓi goron da ya fi ƙanƙanta ya jefo mini a cinya.

A hankali ya ce, "Ka zo da mai saurin fushi, abi?"

Na ce, "Ka zo da tsohuwa?"

Daidai nan liman ya ce a yi salati. Kowa ya gyara zama, masu carbi suka laluba. Ni ma na sa hannu a aljihun dama, idona a kan fuskarsa don kada ya ga na fara kau da kai. Na ji tuntun, na ja. Carbin ya ɗan riƙe, kamar ya maƙale a zare. Mai hannu mai laushi da ya tsaya ya duba. Ni na fizga, yadda nake fizgar bakin buhu.

Ƙarar ba ta yi kama da abin da na zata ba. Na ji zafi a gefen cinyata, na ji warin ƙuna, 'ya'yan carbi suka watse a kan tabarma suna gangarawa. Farantin ya faɗi. Yayan matata ya dubi ƙasa, ya dube ni, sannan ya zauna daɓas cikin goro. Idon sawunsa na dama ne. Ƙafar birki.

Mata suka sa salati daga cikin gida. Wani dattijo ya miƙe yana ɗaga hannu ga masu leƙowa daga bakin layi, yana cewa taya ce, taya ce ta fashe. Liman ya matso, ya miƙo mini hannu. Na zaro ta da yatsa biyu na ba shi, ya naɗe ta a cikin rawaninsa. Da aka ɗaga rigar wanda aka harba don a yage ƙyallen ɗauri, sai ga tasa a ƙugu, cikin kubenta, ya faɗi a kanta da duk nauyinsa ba ta ce uffan ba. Ita ma liman ya karɓe.

Layin nasu mota ba ta shiga. Mutane suna ta in ɗauki nan, ka ɗauki can, jini na zuba. Na tsuguna na juya masa baya. Ba wanda ya fi ni sanin yadda ake ɗaukar nauyi a wurin. Aka ɗora mini shi, na miƙe, na nufi titi. Bakinsa na daidai kunnena, numfashinsa na fita da ƙyar.

Ya ce, "Alabaru. Yau ka sami kaya."

Na ƙara sauri.

"A hankali, ɗan banza. Ba albasa ba ce."

A ƙofar gida na ga matata tsaye, hannunta duk ƙullu. Ba ta dubi yayanta ba, ba ta dubi fuskata ba. Aljihuna take kallo, inda wuta ta huda yadin.

Dattawan unguwa suka miƙa bindigogin biyu ga hukuma, suka tsaya mana. Na kwana a bayan kanta a ofishin 'yan sanda, na fito, na je inda aka ce in je, na amsa abin da aka tambaye ni. Shi ma bai tsira daga tambaya ba, kuma wannan ma ya ɗora a kaina, da gaskiyarsa. An raɗa wa jaririn suna a gurguje da hantsi, ba ni ba uban. Masu zuwa jaje suna ce mini tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ina amsawa da to. Amma ni na san tsautsayin nan tela na kai wa ya ɗinka masa aljihu.

Ƙashin ya haɗu a karkace. Yana tafiya da sanda, mota kuwa sai dai ya ga wucewarta. Yanzu a ƙofar gidansa yake yini a kan benci, ƙafar a miƙe ta tare hanyar shiga.

Matata ba ta dawo ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta kai ni ƙara ba, ba ta nemi takarda ba. Da na koma gida na tarar mayafinta ne kawai babu. Tufafinta na nan, kwanukanta na nan, kaskon na kife a inda ta bar shi. A wurinmu mace in ba ta kwashe kaya ba, ba ta tafi ba. Kullum in na dawo daga kasuwa sai na fara leƙa kaskon. Har goge masa ƙura nake, ban dai taɓa sa masa ruwa ba.

Na tura dattawa biko, na tura liman. Ni ma ina zuwa duk Juma'a da albasa da doya. Sai in tsaya a gaban ƙafar nan in yi sallama.

"Ajiye a nan," yake cewa. "Nawa ne dakon?"

In ce, "Yaya, ina neman gafara."

"Wurin wa? Ni ko ƙafar? Tambaye ta, ga ta nan."

Ban taɓa tsallaka ta ba. Wani lokaci ina jin muryar matata a ciki, sai in ɗaga tawa don ta san na zo.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta fito da kanta. Ta rame. Ta tsaya a bayan yayanta, ta gaishe ni yadda ake gaida baƙo. Na fara maganar da na daɗe ina shiryawa, na ce bindiga ta tafi, ba za ta sake ba, na ce in tana so in dafa Alƙur'ani.

Ta ce, "Kada ka rantse, Maigida. Na riga na ji rantsuwarka."

Ta nuna cikin gidan da hannu.

"Gidan nan ba mai shigo da komai yanzu. Ga mai jego, ga jariri, ga shi. Zan koma suya." Ta gyara mayafi. "A kawo mini kaskona."

Na ce ai tana iya zuwa ta soya a can, a riƙa kawo musu. Masu saye ma can suka sani.

"Masu saye za su gane hanya."

Yayanta bai ce komai ba, karon farko tun da na san shi. Yana ta kallon bakin sandarsa.

Ta ce za ta aiko a ɗauka. Na ce kada ta aiko kowa. Washegari da safe na naɗa gammo, na ɗora kaskon a kaina, na bi ta tsakiyar Sabo mutane na kallo. Da na iso ya dube ni, ya dubi abin da ke kaina. Ya sa hannu biyu ya janye ƙafar daga bakin ƙofa, daidai yadda kasko zai wuce. Na shiga na sauke shi a kan murhu, na fito. Kafin in kai bakin layi ya riga ya mayar da ƙafar.